Me ya sa wuta ke bin girafait amma ba ta bin daimon, alhali duk kabon ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyar na sakandare a Pantami, cikin garin Gombe, kuma idan an tashi daga makaranta ina koyon aikin haɗa wutar gidaje a wurin kawuna. An koya mana a aji cewa ƙarfe ne ke ɗaukar wutar lantarki, abin da ba ƙarfe ba kuwa ba ya ɗauka. To amma kabon ba ƙarfe ba ne, ga shi kuma baƙar sandar da ke tsakiyar batir kabon ce, wuta tana bi ta cikinta. An kuma ce daimon ma kabon ne, amma shi wuta ba ta bin sa. Bayan haka, ina ganin kawuna yana zuba gawayi da gishiri a ramin da muke kafa sandar da ke kai wuta ƙasa. Shin ƙa'idar ce ba daidai ba, ko kuwa ni ne ban fahimta ba?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatunka da sana'arka albarka. Abin da kake tambaya shi ne ko rabuwar da aka yi tsakanin ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba ita ce ke yanke hukunci a kan ɗaukar wuta, kuma idan ita ce, ta yaya sinadari ɗaya zai ɗauka a wata siffa ya ƙi ɗauka a wata. Ƙa'idar da aka ba ku ba ƙarya ba ce, sai dai taƙaitawa ce da ake yi wa mai fara karatu, kuma ba ita ce dalili ba. Ita wutar lantarki ba ruwanta da rukunin da masana suka sa abu a ciki. Abin da take buƙata shi ne a samu masu ɗauke da caji waɗanda ke da damar tafiya daga wannan gefe na abu zuwa wancan, kuma yadda ƙwayoyin atom suka haɗu da juna ne ke samar da wannan dama ko ya hana ta.

Abin da ake nufi da ɗaukar wuta

Kowace ƙwayar atom tana da cibiya mai caji, da ilektiron da ke kewaye da ita hawa-hawa, kuma waɗanda ke hawan ƙarshe su ne ke shiga harkar haɗuwa da sauran ƙwayoyi. A cikin jan ƙarfen wayar da kuke ja a gidaje, kowace ƙwaya tana sakin kimanin ilektiron ɗaya ya zama na kowa, yana yawo a cikin wayar baki ɗaya, ta yadda da zarar an haɗa batir sai dukansu su karkata zuwa gefe guda. Wannan karkatar ita ce wutar da ke gudana. A cikin sinadarin farar wuta kuwa, wadda cikakken misali ce ta abin da ba ƙarfe ba, ƙwayoyin atom suna haɗuwa takwas-takwas su yi zobe, kowane ilektiron na hawan ƙarshe ko dai yana ɗaure a mahaɗar ƙwayoyi biyu ko yana maƙale da ƙwayarsa, saboda haka babu mai tafiya. Galibin sinadaran da ba ƙarfe ba haka suke, shi ya sa ƙa'idar ajinku take cin nasara a mafi yawan lokuta.

Kabon yana da ilektiron 6, guda 4 daga ciki suna hawan ƙarshe, kuma yana da fiye da hanya ɗaya ta amfani da waɗannan huɗun. Duk amsar tambayarka tana cikin wannan magana. Ba tun farko aka san cewa daimon da girafait, wato baƙin kabon irin na cikin fensir, abu ɗaya ne ba, domin babu abin da ya haɗa kamanninsu. Carl Scheele ne ya nuna a 1779 cewa girafait kabon ne, sannan Smithson Tennant ya ƙona daimon ya auna iskar da ta fita, ya tabbatar a 1797 cewa shi ma kabon ne zalla. Sai a ƙarni na 20 aka iya leƙa tsarin cikinsu da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, inda William Bragg da ɗansa Lawrence suka bayyana tsarin daimon a 1913, John Bernal kuma ya bayyana na girafait a 1924.

Tsarin daimon da na girafait

A cikin daimon kowace ƙwayar kabon tana riƙe da maƙwabta huɗu, ta ba kowace mahaɗa ilektiron ɗaya, kuma mahaɗun sun bazu zuwa kusurwoyi huɗu da tazarar digiri 109.5 a tsakaninsu. Tsawon kowace mahaɗa nanomita 0.154 ne, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita. Haka tsarin yake ci gaba ta kowace fuska har ƙarshen dutsen, ta yadda ana iya ɗaukar dutsen daimon guda a matsayin ƙatuwar haɗaka guda ɗaya. Wannan ne ya ba shi taurin da ya sa yake a mataki na 10, wato na ƙoli, a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, kuma shi ne ya hana shi ɗaukar wuta, tunda ilektiron huɗun duk sun shiga aiki babu wanda ya rage. Sai dai akwai abin da ke ba ɗalibai mamaki: daimon yana ɗaukar zafi fiye da jan ƙarfe kusan ninki biyar, domin a cikinsa girgizar ƙwayoyin da ke ɗaure tamau ce ke kai zafin, ba ilektiron ba. Da wannan hali ne ma ƙananan na'urorin masu sayar da kayan ado suke bambanta daimon da gilashi.

A cikin girafait kowace ƙwaya maƙwabta uku kawai take riƙewa, dukansu a kwance a fili ɗaya da tazarar digiri 120, sai su samar da zobba masu kusurwa shida da ke manne da juna su zama shimfiɗa mai kaurin ƙwaya ɗaya tak. Mahaɗun cikin shimfiɗar sun fi na daimon gajarta, nanomita 0.142 ne, kuma ba su gaza su ƙarfi ba. Amma tsakanin wannan shimfiɗa da ta samanta akwai tazarar nanomita 0.335, fiye da ninki biyu, kuma riƙon da ke tsakaninsu mai rauni ne ƙwarai, shi ya sa suke zamewa a kan juna, fensir ya bar baƙi a takarda, garin girafait kuma ya yi aikin man shafawa a kwaɗon da ya cije. Ilektiron na huɗu, wanda bai shiga mahaɗun uku ba, yana zaune a sama da ƙasan shimfiɗar, kuma da yake kowace ƙwaya tana da irinsa, sai mazauninsu ya haɗe ya zama fili ɗaya da ya mamaye shimfiɗar daga farko har ƙarshe. Ta wannan filin wuta take bi.

Idan jarrabawar WAEC ko NECO ce a gabanka, abin da za ka rubuta ke nan: kowace ƙwayar kabon a girafait tana amfani da ilektiron uku wajen haɗuwa, na huɗun kuma yana da 'yancin yawo, alhali a daimon duka huɗun suna ɗaure. Za ka samu makinka. Amma tunda kai hannunka yana taɓa waya, akwai gyara biyu da nake so ka riƙe.

Na farko, na sha ganin ɗalibai suna rubuta cewa ilektiron yana gudu ne a tsakanin shimfiɗu, suna nufin yana tsallakawa daga wannan zuwa waccan, kuma wasu littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makarantu su ne ke jefa su cikin wannan ruɗani. Tafiyar a kan shimfiɗar take, tsallakawa kuwa da ƙyar ake yin ta. Idan aka samu tsaftataccen girafait wanda shimfiɗunsa suke jere, wutar da za ta bi tsawon shimfiɗa ta ninka wadda za ta ratsa su sau ɗaruruwa, a mafi kyawunsa ma har dubbai. Abin da ya sa ba ka lura da haka a sandar batir shi ne an yi ta ne da garin kabon da aka matse aka gasa, ƙananan gutsattsarin suna fuskantar ko'ina, sai wutar ta bi ta inda ta samu.

Na biyu, samun ilektiron mai yawo kaɗai bai isa ba. Sinadarin benzin, wanda ake karantawa a darasin sinadaran man fetur, zobe ne na kabon shida mai irin waɗannan ilektiron, amma ruwansa ba ya ɗaukar wuta, saboda yawon ya tsaya a cikin zoben, babu hanyar da ta haɗa wannan zobe da na kusa da shi. Haka ma ƙwallon kabon mai ƙwayoyi 60 da Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley suka gano a 1985, kowace ƙwaya a cikinsa maƙwabta uku take riƙewa kamar girafait, amma garinsa ba ya ɗaukar wuta sai kaɗan, domin kowane ƙwallo a rufe yake. Ashe faɗin filin da rashin yankewarsa su ne abin dubawa.

Bayanin da ya fi zurfi

Masana kimiyyar lantarki suna kallon lamarin ta fuskar matakan ƙarfi. Ka ƙaddara gidan biki ne mai bene, ƙasa ta cika maƙil har mutum ba ya iya ɗaga ƙafa, saman kuwa babu kowa. Duk yawan mutanen ƙasa babu mai motsi, sai wanda ya iya hawa sama, kuma idan ya hau, gurbin da ya bari ma yakan ba na ƙasa damar matsawa. Tambayar ita ce tsawon hawan. A daimon tazarar ta kai kimanin ilektiron-bolt 5.5, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin ilektiron da shi, alhali ƙarfin da zafin ɗaki ke ba ilektiron bai wuce kimanin 0.025 ba, saboda haka kusan babu mai hawa. A silikon, wanda tsarinsa iri ɗaya ne da na daimon, tazarar kimanin 1.1 ce, a jamaniyom kuma kimanin 0.7, sai 'yan kaɗan su samu hawa, wannan ne ya sa suke tsaka-tsaki kuma aka gina faifan sola da kayan cikin wayar salula a kan silikon. A girafait babu tazarar sam, hawan ƙasa da na sama sun ɗan shiga juna.

Ka lura da kalmar "ɗan". Shigar da suka yi wa juna ƙarama ce, don haka masu ɗaukar wuta na zahiri a girafait ba su kai ɗaya ga kowace ƙwaya ba kamar yadda bayanin aji yake nunawa, abin da ake samu bai wuce kimanin ɗaya cikin ƙwayoyi dubu goma ba. Abin da ya cece shi shi ne waɗannan 'yan kaɗan suna tafiya a kan shimfiɗar cikin sauƙi matuƙa. Duk da haka jan ƙarfe ya yi masa nisa, kabon ɗin da ake amfani da shi a kayan aiki turjiyarsa, wato yadda yake tauye tafiyar wuta, ta ninka ta jan ƙarfe sau ɗaruruwa, kuma wannan ne dalilin da ba za ka taɓa ganin an ja wayar girafait daga tashar lantarki ta Dadin Kowa zuwa gari ba, ko da a ce yana lanƙwasuwa, balle ga shi da saurin karyewa. Ana zaɓarsa ne inda ake neman abin da ƙarfe ya kasa. A batir ana son abin da sinadaran ciki ba za su cinye ba. A janareta da injin huda bango da kik ɗin mota ana son abin da zai riƙa gogar sashen da ke juyawa yana miƙa wuta ba tare da ya cinye shi ba, shi ne ɗan baƙin kabon ɗin da masu gyara ke canzawa idan ya siɗe. A tanderun narka ƙarfe kuma ana son abin da zai jure zafi, girafait kuwa sai ya haura digiri 3,500 kafin ya fara tashi ya zama iska. Batirin wayarka ma girafait ne a ɓangarensa guda, inda litiyom ke shiga tsakanin shimfiɗun ya zauna idan ana caji.

Wannan misalin benen yana da iyaka, domin ainihin bayanin lissafi ne da sai an kai jami'a ake yin sa, amma ya isa ya fassara abubuwa biyu da ƙa'idar aji ba ta iya fassarawa. Ƙarfe idan ya yi zafi turjiyarsa ƙaruwa take yi, amma zaren kabon irin wanda Thomas Edison ya sa a ƙwan fitilarsa a 1879 turjiyarsa raguwa take yi, saboda zafin yana ƙara yawan masu hawa. Sannan daimon kansa yana iya ɗaukar wuta idan ƙwayoyin boron suka shiga tsarinsa, domin boron ilektiron uku gare shi a hawan ƙarshe, sai ya bar gurbi a inda ake buƙatar huɗu. Shuɗin daimon ɗin nan da ake kira Hope, wanda ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington na Amurka, boron ne ya ba shi launinsa, kuma irinsa suna ɗaukar wuta daidai gwargwado.

Gwajin da za ka iya yi

Abin da nake sa ɗalibaina su yi ba ya buƙatar komai sai mitar awo irin ta kawunka, da fensir biyu, da takarda. Ka juya mitar zuwa awon turjiya, ka fere fensir ta kai da gindi, ka ɗora bakin wayoyin mitar a kan baƙin gefe biyun, za ka ga ƙaramin adadi, alamar hanya a buɗe take. Daga nan ka zana layi mai kauri a takarda, ka yi ta maimaita shi har ya yi sheƙi, ka ɗora waya ɗaya a farkonsa ka riƙa jan ɗayar a hankali zuwa ƙarshe. Adadin zai yi ta hawa yayin da tazarar ke ƙaruwa, kuma zai kai dubban om, wato ma'aunin turjiya, saboda siririn girafait ɗin da ke kan takardar. Idan ka gwada fensir mai alamar 2B ko 6B da mai alamar HB ko 2H, za ka ga mai B ya fi ba wuta hanya, domin tun daga dabarar da Nicolas Conté ya fito da ita a Faransa a 1795 ana cakuɗa girafait da yumɓu ne, mai H kuma yumɓunsa ya fi yawa. Wani lokaci layin yakan ƙi nuna komai, kuma galibi dalilin shi ne takardar ta lanƙwashe ta yanke shi a wani wuri da ido ba ya gani. Wannan gwaji da mita ko da batir ɗin tocila kawai ake yin sa, kada ka kusanci wutar soket da shi ko da wasa.

Irin wannan siririn baƙin ne Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi ta ɓarewa da salatif a Jami'ar Manchester ta Ingila har suka ware shimfiɗa ɗaya tak a 2004, wadda ake kira girafin, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2010.

Kabon ba shi kaɗai ne ke fita daga ƙa'idar ba. Seleniyom yana ƙara ɗaukar wuta idan haske ya same shi, abin da Willoughby Smith ya lura da shi a 1873, kuma da shi aka yi na'urorin kwafin takarda na farko. Iska ma da muke dogara da ita ta raba wayoyin kan turaku, idan ƙarfin wuta ya kai kimanin bolt miliyan 3 a kowace mita sai ta ɓalle ta ba da hanya, wanda shi ne abin da ke faruwa a tsawa.

Gawayi, kwal da ramin kawunka

Gawayi kabon ne, amma tsarinsa a hargitse yake, gutsattsarin shimfiɗu ne ƙanana da ba su jeru ba, gauraye da ragowar haidurojin da iskar oksijin na itacen. Gawayin da ake yi ta hanyar rufe itace da ƙasa ba ya samun zafin da zai kori wannan ragowar, shi ya sa idan ka ɗora masa mita yana busasshe sau da yawa ba za ta nuna komai ba, sai dai ka dace da guntun da ya gasu sosai. Sai zafin gashi ya haura kimanin digiri 700 gutsattsarin suke girma su taɓa juna har wuta ta samu hanya. Kwal ɗin da ake haƙowa a Maiganga da ke Ƙaramar Hukumar Akko ma haka yake, baƙi ne kuma yana da kabon, amma bai yi kusa da tsarin girafait ba. Baƙin launi ba shaidar ɗaukar wuta ba ne.

A ganina, babban aikin gawayi a ramin sandar ƙasa shi ne riƙe danshi, saboda ƙananan ramukan da suka cika jikinsa. Gishirin ne ke narkewa a cikin danshin ya rabu zuwa ƙwayoyin sodiyom da na kilorin masu caji, su kuma su ɗauki wutar su shiga da ita ƙasa. Wannan wata hanya ce dabam da ta girafait, domin a nan ƙwayoyin ne da kansu ke tafiya a cikin ruwa, busasshen gishiri kuwa ba ya ɗaukar komai. Dabarar tana aiki, kawunka bai yi kuskure ba, amma tana da aibi biyu da ya kamata ku sani: ruwan damina yana wanke gishirin a hankali, kuma gishirin yana cin sandar da mahaɗar wayarta, musamman idan sandar baƙin ƙarfe ce da aka yi wa rufin jan ƙarfe sama-sama. Saboda haka masu manyan ayyuka sukan yi amfani da yumɓun bentonait, irin wanda ake samu a yankin Pindiga, domin yana riƙe ruwa ya daɗe kuma bai kai gishiri cin ƙarfe ba. Ba zan iya yanke hukunci a kan wani rami daga nesa ba, tunda ƙasar yashi da ta laka ba ɗaya suke ba. Na'urar awon turjiyar ƙasa ce ke faɗin gaskiya, kuma lokacin da ya fi dacewa a auna shi ne tsakiyar bazara, wajen watan Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasar Gombe ta bushe ƙarau kuma ramin yake a mafi raunin halinsa.

Akwai wani wuri da wannan darasi ya shafi lafiyarka kai tsaye. Roba da filastik da katako duk kabon ne ginshiƙinsu, kuma suna tare wuta ne saboda ilektiron ɗinsu a ɗaure suke kamar na daimon. Amma idan tartsatsin wuta ya ƙona soket ko makunni, zafinsa ya wuce na ramin da ake gasa itace ya zama gawayi nesa ba kusa ba, yakan mayar da filastik ɗin kabon mai ba wuta hanya, sai baƙin layin ƙunar ya zama gada tsakanin wayoyi biyu ko tsakanin waya da hannun mai taɓawa. Wuta takan ci gaba da silalewa ta wurin tana ƙara ƙona shi, hanyar tana ƙara faɗi, har wata rana ta kama. Don haka idan kuka buɗe soket kuka tarar da baƙin tabon ƙuna, kada ku kankare shi ku mayar, ko da mai gida ya nace a kan a lallaɓa. Ku kashe wutar daga babban makunni, ku cire shi ku sa sabo, ku kuma yanke bakin wayar har zuwa inda robarta take da lafiya.